Kare ya ciji yaro a unguwa: aikin wa ne, meri ko likitan dabbobi?

A Garwa ne, ko Marwa, ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, abin da ke biyo bayan cizon kare kusan iri ɗaya ne. Samari su bi karen da duwatsu da sanduna, su fasa masa kai, su wurga gawar a bola. Uwa ta barbaɗa wa yaron toka ta ɗaure da tsumma, wata ma ta ƙona gashin karen ta shafa a kan ciwon. Mai karen kuwa, in an gano shi, sai ya ce, "Wallahi Malam ba nawa ba ne, shigowa kawai yake yi cin ƙanzo." Kafin la'asar an salwantar da abubuwa biyu da likita ke bukata: karen da ransa, ko kuwa kansa ba a fashe ba in ya mutu.

Yaron ne farko. A wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, domin minti 15 da tsawo in kana riƙe da yaro yana tsala ihu. A zuba aidin ko alkol in akwai, kada a ɗaure da ƙarfi, kada a yi gaggawar ɗinki. A kai shi asibiti a ranar a fara allurar rigakafin haukan kare. Tsarin da aka saba shi ne allura biyu ranar farko, ɗaya ranar 7, ɗaya ranar 21. Wasu cibiyoyi suna yin ta cikin fata ranar farko da ta 3 da ta 7, wadda ta fi sauƙin kuɗi. In cizon ya huda fata sosai, balle a fuska ko wuya ko yatsu, ana ƙara wata allura da ake yi cikin ciwon kansa. Cutar kan kwanta wata biyu zuwa uku kafin ta nuna, shi ya sa mutane ke sakin jiki da ciwon ya warke. Da zarar alamu sun fito, tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, huɗu cikin goma na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Sai karen, kuma a nan ne hukumomi ke turo wa juna ƙwallo. A dokar ƙananan hukumomi ta Kamaru, wadda aka sabunta ranar 24 ga Disamba 2019, hana ɓarnar dabbobi masu yawo yana cikin aikin tsaron gari da ke wuyan magajin gari. Kamawa da tsarewa na meri ne, wato ofishin magajin gari. Amma meri ba ta da ikon cewa kare mahaukaci ne ko lafiyarsa lau. Wannan na ma'aikatar kiwo ne, MINEPIA, wadda ke da wakili a kowace jiha da gunduma da arandisma (yankin da ke ƙarƙashin gunduma), har zuwa ƙananan cibiyoyin likitan dabbobi na ƙauye. Haukan kare yana cikin cututtukan da dokar 2001 ta wajabta a kai rahotonsu. A saman su duka akwai perefe, wakilin gwamnati da ke sa ido a kan meri. Takardun shawarar magajin gari suna bi ta teburinsa, kasafin kuɗi sai ya amince, kuma in magajin gari ya yi sakaci bayan an gargaɗe shi, perefe na iya ɗaukar matakin da kansa.

A takarda abin ya tsaru. Inda yake tsinkewa shi ne kwana 15 ɗin nan na tsare kare. Tsarin da likitocin dabbobi ke bi shi ne a killace karen da ya yi cizo, a duba shi sau uku: ranar farko, ranar 7, ranar 15, kowane zuwa da takardar shaida. Dalilin mai sauƙi ne. Ƙwayar cutar ba ta sauka cikin yawun kare sai ajalinsa ya matso, saboda haka karen da ya sa wa mutum cutar ba ya wuce kamar kwana goma a raye. In ya kai kwana 15 yana ci yana sha yana kaɗa wutsiya, ba shi da ita ranar da ya yi cizon, kuma likita na iya cewa a dakatar da sauran allurar. Kun ga ashe tsare karen kuɗin uban yaro yake cetowa. Amma ba a jiran kwana 15 kafin a fara allurar, wannan kuskure ya ci rayuka.

To a ina za a tsare shi? Keji ake bukata na ƙarfe, mai ƙofa da kwaɗo, mai daɓen siminti da za a iya wankewa, a inuwa, a riƙa tura ruwa da abinci ta ƙasan ƙofa ba tare da an sa hannu ba. Inda babu shi, sai a ce wa mai kare ya ɗaure shi a gida. Igiyar rama kare zai tauna cikin dare ɗaya. Sarƙa ake so, a kewaye wurin don kada yara da kaji su matso. Mai karen da ya ce ba nasa ba ne kuwa, ba zai kai shi wurin likita sau uku a kan babur ba, sai in lawan ko jauro ko sarkin Hausawan unguwa ya tsaya a kansa. A ganina wannan shi ne babban amfanin masu unguwa a harkar: sun san gidan da kowane kare ke kwana.

In an riga an kashe shi, ko ya mutu a ɗaure, ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa. Ma'aikacin dabbobi ne zai yanke kan, da safar hannu da abin kare ido. A sa a leda biyu, a saka cikin kula da ƙanƙara, a rubuta rana da unguwa da yawan mutanen da ya ciza. Kada a ajiye a firijin da ake sa zoɓo da nama. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, da ke haura digiri 40, kan da ya wuni a rana ya riga ya ruɓe. Mutanen Arewa ba su da uzurin nisa: LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa, tana nan Bokle kusa da Garwa, ga kuma reshen Centre Pasteur a cikin garin.

Yanzu maganar guba. Duk lokacin da cizo ya yi yawa, abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne a watsa nama mai guba da dare, da safe a kwashe gawarwaki a tifa, jama'a su ga an yi aiki. Ba na goyon bayansa ko kaɗan. Gubar ba ta tambayar wane kare aka yi wa rigakafi, kuma karen gida mai sabo da mutane shi ke fara cin naman. Ungulu da kyanwa su ci su mutu, yaro mai tonon bola yana cikin haɗari. Bayan 'yan watanni masu gida sun samo sababbin kwiyakwiyi daga ƙauye, babu ko ɗaya mai allura. An rage karnuka na ɗan lokaci, an kuma rage masu kariya a cikinsu.

Abin da ya yi aiki an gan shi a maƙwabta. A Njamena, babban birnin Chadi, a 2012 da 2013, ɗakin binciken dabbobi na Farsha tare da masana daga Suwizalan sun bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, fiye da 18,000 a shekarar farko, fiye da 22,000 a ta biyu. Sun haye kashi 70 cikin ɗari, wanda shi ne ma'aunin da ke katse yaɗuwar cutar, kuma aka yi watanni a 2014 ba a samu mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya cutar ta dawo ta karnukan da suka shigo daga waje, darasi ga garin Kusiri na Kamaru da ke tsallaken gadar Ngeli daga Njamena. Binciken ya nuna abu biyu da ya kamata kowane kansila ya sani. Karnukan da ba su da mai su kwata-kwata kaɗan ne. Sannan a wani gwaji da aka yi tun kafin nan, da aka ce mai kare ya biya wani abu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan ne kawai aka samu. Kuɗin allurar nan a kasafin meri ya kamata ya zauna, likitocin MINEPIA su yi aikin. Mililita ɗaya ce ƙarƙashin fata, a ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, a ɗaura wa kowane kare abin wuya mai launi don a iya ƙirgawa washegari. Bikin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare, da tebur ɗaya a harabar ofis ba ya kai kashi 70.

Awaki da jakuna da shanun da ake kaiwa furiyer, wato makillacin meri, nasu lissafin daban. Kuɗin fansa majalisar ƙaramar hukuma ce ke yankewa, ba mai gadi ba, don haka a nemi ganin takardar kuma a karɓi rasit. Ya kamata a rubuta kowace dabba a littafi: rana, wurin kamu, launi, tsagar kunne ko lambar wuta. Rashin wannan ne ke sa akuya mai ciki ta shiga, a fito wa mai ita da ramammiya. Ruwa shi ne abin da ke kashe su. Saniya na shan lita 30 zuwa 40 a bazara, akuya kamar 4 zuwa 5. Cakuɗa dabbobin gidaje daban-daban a kwami ɗaya kuma hanya ce ta yaɗa boru (ciwon baki da kofato) da ciwon huhu, shi ya sa malamin dabbobi ya kamata ya duba kafin a saki ko a yi gwanjo. In ɓarnar gona ce tsakanin manomi da makiyayi, wannan ba hurumin meri ba ne: dokar 1978 ta ba kwamitin da superefe, wakilin gwamnati a arandisma, ke shugabanta.

Wanda yake da ƙorafi, ya rubuta wa magajin gari takarda mai kwanan wata, ya ajiye kwafi da hatimin karɓa, ya kai wani kwafin ofishin kiwo na arandisma. In mako biyu sun wuce shiru, ya haɗa kwafin mai hatimi ya kai wa perefe. A Garwa da Marwa da Ngaundere, inda kowane gari ke da meri uku, a fara tabbatar da wace meri ce cikin ukun ke riƙe da unguwar, domin takardar da ta sauka a ofishin da ba nata ba a aljihun tebur take kwana.