Gudun hijirar da ba ta da sansani

Ni malamin sakandare ne a Kaduna, karatun digiri na biyu ne kuma ya kai ni ga bincike kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Malamar da ke duba aikina ba ta yarda na taka wata unguwa da takardar tambayoyi ba sai da ta jibga mini karatu. Mafi yawan abin da ta ba ni daga wuri guda ya fito, wato Cibiyar Nazarin 'Yan Gudun Hijira ta Jami'ar Oxford da ke Ingila. Ban taɓa zuwa can ba. Ta rubuce-rubucensu na san su, kuma da waɗannan rubuce-rubucen na shiga Rigasa da Mando da Maraban Rido.

Wata mata ce ta kafa cibiyar a 1982, Barbara Harrell-Bond, haifaffiyar Amurka, masaniyar al'adu da zamantakewar al'umma, wadda ta yi bincike a Saliyo kafin ta juya ga wannan fanni. A lokacin ba a ɗauki gudun hijira a matsayin ilimi mai cin gashin kansa ba. Harka ce ta ma'aikatan agaji da lauyoyi, a rubuta rahoto a miƙa wa masu ba da kuɗi, shi ke nan. Ita kuwa sai ta tafi kudancin Sudan, yankin Yei, inda 'yan Uganda suka kwarara suna gudun tashin hankalin da ya biyo bayan faɗuwar Idi Amin. Ta zauna cikinsu, ta ɗauki wasunsu suka zama mataimakanta a binciken. A 1986 ta fitar da littafinta mai suna Imposing Aid, inda ta nuna cewa agajin da ake kai wa waɗannan mutane ƙaƙaba musu shi ake yi. Ba a tambayarsu abin da suke buƙata, ba a sa su cikin shawara, ana kallonsu a matsayin waɗanda ba su iya komai ba sai miƙa hannu. Ta kuma nuna cewa ɗimbin jama'a ba su shiga matsugunan da aka tanada ba, sun bazu cikin mutanen gari suna neman na kansu, agajin kuma bai cika isa gare su ba. Littafin bai yi wa manyan ƙungiyoyin agaji daɗi ba ko kaɗan.

Daga nan cibiyar ta yi ta bunƙasa. A 1988 aka fara buga mujallar ilimi ta fannin da haɗin gwiwarta. Akwai kuma Forced Migration Review, wadda ta samo asali daga wata 'yar jaridar da suka fara a 1987 ta kuma ɗauki wannan suna a 1998. Kyauta ake karanta ta a intanet, maƙalolinta gajeru ne, ma'aikatan fili da 'yan gudun hijira da kansu suna rubutu a ciki, ita ce kuma ta fi yi mini amfani. Suna koyar da digiri na biyu, suna shirya gajeren kwas ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi, a 2002 kuma aikinsu ya sami lambar yabo ta Sarauniyar Ingila. Abin da ya fi burge ni game da matar shi ne, da ta sauka daga shugabancin cibiyar a 1996 ba ta nemi wurin hutawa ba. Uganda ta nufa, ta yi aiki a Jami'ar Makerere, sannan ta koma Alƙahira ta ci gaba da koyarwa da taimaka wa 'yan gudun hijira kan shari'o'insu. Ta rasu a 2018.

Karatun ya warware mini wani abu na doka da ya kamata kowane ɗan Kaduna ya sani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa take karewa. Wanda ya baro ƙauyensa a Birnin Gwari ya sauka Rigasa bai tsallake iyakar kowa ba, don haka nauyinsa yana wuyan gwamnatinmu ne. Sai a 1998 aka fitar da ƙa'idojin kula da masu gudun hijirar cikin gida, ƙarƙashin jagorancin Francis Deng ɗan Sudan. Tarayyar Afirka ta biyo baya da Yarjejeniyar Kampala a 2009, Najeriya ta amince da ita a 2012, sannan ta amince da tata manufar ta ƙasa a 2021. A takarda dai mutumin Rigasa yana da haƙƙin matsuguni da makarantar 'ya'yansa da komawa gida bisa son ransa. Cikin waɗanda na zanta da su ban gamu da wanda ya taɓa jin labarin waɗannan takardu ba.

Mu 'yan Kaduna mun girma cikin wannan al'amari ba tare da mun ɗauke shi abin nazari ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, garin ya tsage a bakin kogi. Musulmi da yawa suka baro unguwannin kudu suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci da yawa suka bar arewa suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi da Gonin Gora. An sayar da gidaje da araha, wasu musanya suka yi, maƙwabtan shekara talatin suka rabu. Babu wanda ya kira su 'yan gudun hijira domin a cikin gari ɗaya suka yi ƙaura, amma tsoro ne ya tashe su, kuma har yau mafi yawansu ba su koma ba. Bayan rikicin zaɓen 2011, mutanen da suka tsero daga Zonkwa da Kafanchan da kewaye sun daɗe a sansanin alhazai da ke Mando. Daga baya 'yan bindiga suka ƙara nasu, suka tashi ƙauyuka a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru. Waɗannan na ƙarshe su na bi.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne, wanda ya tafi neman sansani zai dawo da labarin mutane kaɗan. Jama'ar suna cikin gidajen 'yan uwa, da ɗakunan haya na bayan gari, da kangayen da masu su suka ba da aro don a tsare musu fili. Hanyar isa gare su ta mai unguwa ce da limami, a Maraban Rido kuma ta fasto da shugabannin matan zumunta. Na fara da mai unguwa, na tuɓe takalmi na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ba daga gwamnati nake ba, ba kuma daga ƙungiya ba." Ya ce, "To Malam, ka faɗa musu haka da bakinka, don duk wanda ya zo da biro da takarda, buhun shinkafa suke hangowa a bayansa." Wannan shawara ita ta riƙe mini aikin gaba ɗaya. A kowane gida sai na fara da cewa ban zo da komai ba, ba zan rubuta sunan kowa ba, wanda ba ya son magana kuma babu laifi. Wasu nan take suka sallame ni, kuma haƙƙinsu ne. Waɗanda suka zauna sun yi magana ba tare da ƙari ko ragi don neman shiga jerin masu karɓar tallafi ba.

Mata kuwa ƙanwata ce ta zanta da su a cikin gida, ni ina zaure da maza. Abin da take fitowa da shi daban yake da nawa. Maza suna maganar gona da shanu da ranar da aka shigo musu gari. Mata suna maganar mudun masara, da kuɗin ruwan ga-ruwa, da haihuwa a ɗakin da mutum goma suke kwana, da 'yan matan da aka aurar da wuri don a rage baki. Da ni kaɗai na yi aikin da rabin labarin na kwaso. Mun kuma yi shawara tun farko cewa ba za mu nemi kowa ya sake ba da labarin kisa ko fyaɗe ba. An riga an sa su sun maimaita wa mutane da yawa, kowa ya rubuta ya tafi. Tambayarmu ita ce yadda suke rayuwa yanzu. Wanda ya ga dama ya koma baya da kansa, mu saurara.

A nan ne maganar Harrell-Bond ta fito mini fili. Ban ga mutanen da suka naɗe hannu ba. Manomin da ke cika rumbu biyu a kaka ya koma dako a kasuwa ko leburanci a wurin gini. Wani yana tura baro, wani faskare, wani gadi. Mata suna wankau da surfe da suyar awara, wasu suna bin gonakin bayan gari su yi ƙodago a biya su da yamma. Masu binciken cibiyar, ƙarƙashin Alexander Betts, sun fitar da wani nazari a 2014 kan Uganda, ƙasar da ke barin 'yan gudun hijira su yi aiki su kuma yi zirga-zirga. Sun tarar da su suna kasuwanci, har wasu a Kampala suna ɗaukar 'yan ƙasar aiki. Namu ba su kai can ba, dalilin kuma a bayyane yake. Jarin manomi ƙasa ce da dabba, su kuma kafin su baro gida an riga an tatse su. Wani ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansar ɗansa, wani ya jinginar da gona, wasu garuruwan sai sun haɗa wa 'yan bindiga haraji kafin a bar su su yi shuka, a sake biya kafin girbi. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ni ba bara na iya ba. A ba ni aron fili da taki, ka dawo da kaka ka gani." Da na tambaye shi ko an taɓa tambayarsa abin da yake so kafin a kawo tallafi, sai ya ce an taɓa ba su tabarma da bokiti.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai masauki. Akwai wani tela da na zauna da shi wanda iyalan yayansa da na ƙanen matarsa suka sauka a gidansa a dare ɗaya. Ɗakin da yake bayarwa haya ya ba su, kuɗin hayar ya tsaya, tukunya ta ninka. Shekaru sun shuɗe suna nan. Babu rajistar da sunansa yake ciki, domin shi ba a kore shi daga ko'ina ba. Idan aka zo rabon kaya a unguwa, baƙinsa za a kira, shi yana tsaye yana kallo. Bai yi ƙorafi ba, cewa ya yi zumunci ne, kuma wa zai kori ɗan uwansa? Amma matarsa ta gaya wa ƙanwata cewa sun cire yara biyu daga makarantar kuɗi. A ganina irin wannan tela su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin gudun hijira a Kaduna, kuma duk tsarin tallafin da ya tsallake su yana shuka ƙiyayya tsakanin baƙo da mai gida, alhali da ƙauna aka fara. Rijiyar burtsatse ko ƙarin aji a firamaren unguwa kowa zai amfana, sun fi buhun da ake kiran suna a bayar.

Ina da abin da nake ƙorafi a kai game da fannin kansa. Kusan duk abin da na karanta da Turanci yake, an rubuta shi a nesa, kuma ya fi karkata ga waɗanda suka tsallake iyaka ko suka nufi Turai. Kan arewa maso gabas an yi rubutu da yawa saboda Boko Haram. Kan arewa maso yamma, inda babu manyan sansanoni da za a ɗauki hoto, rubutun bai kai girman matsalar ba. Ba Oxford ce za ta cike mana wannan giɓi ba. Muna da jami'o'i a Zariya da Kaduna, muna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan ƙauyuka, sun san hanya, sun san harshe, ba sa buƙatar tafinta. Abin da Harrell-Bond ta yi da ta koma Makerere da Alƙahira ke nan, ta kai karatun kusa da masu matsalar.

Da na kammala rubutu na taƙaita shi da Hausa, na koma zauren mai unguwa na karanta musu. Sun saurara, suka kuma ƙara mini abin da babu a ciki. Tun bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanun garin, wasu magidanta sun fara komawa. Sai dai ba komawar da rahotanni ke nufi ba ce. Namiji ne ke tafiya da faɗuwar damina, ya yi shuka, ya kwana a garin da ya fi tsaro, ya riƙa leƙowa Rigasa, mata da yara kuma suna nan saboda makaranta da kuma rashin tabbas. Wasu sun tarar rufin ɗakunansu ya rufta, wasu sun tarar da wani yana noma gonarsu. Samarin da suka saba da gari kuwa sun ce ko an samu lafiya ba za su koma ba. Wane ne zai raba gardamar gona idan dagacin da ya san iyakoki ya rasu a gudun hijira? Iyalin da rabinsu ke ƙauye rabinsu ke birni, a wane lissafi za a sa su? A kan waɗannan tambayoyi na nemi izinin mai unguwa in ci gaba da zuwa, ya kuma haɗa ni da samari biyu daga cikinsu da suka gama sakandare, waɗanda yanzu su ke riƙe da littafin rubuta wanda ya tafi da wanda ya dawo.