Asabar ɗin da na sayo kyamara saboda furen kuɓewa

Yau Allah ya yi na sayo kyamarar da na kusa shekara ina tara mata kuɗi. Ga ta nan a gefen katifa, batirinta yana caji, ni kuma barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Da na dawo daga sallar asuba ban koma na kwanta ba, na zagaya bayan ɗaki inda uwargida ta shuka kuɓewa kunya uku da 'yar yakuwa. Kafin ƙarfe bakwai da rabi fure huɗu sun buɗe. Mutane da yawa sun sha miyar kuɓewa tun suna yara amma ba su taɓa tsugunawa sun leƙa cikin furenta ba, ni ma sai bara na yi. Kunnuwansa biyar ne, launinsu kamar man shanu, can ƙasa kuma ja ne mai duhu har yana neman komawa baƙi. A tsakiya akwai wani ɗan tsinke da garin fure ya lulluɓe, kansa da tsukin ja mai laushi kamar karan-miski. Yini ɗaya rak yake yi. Da rana ta yi zafi zai fara naɗewa, washegari ya faɗi ya bar 'yar kuɓewa. Na sake gwada shi da waya kamar kullum. In na matso ta ƙi yin saiti, in na ja baya na datse hoton daga baya sai garin furen ya dagule ya zama dishi-dishi. Wannan garin nake so in gani ƙwaya-ƙwaya, shi ne dalilin tafiyar yau gaba ɗaya.

Wajen ƙarfe goma na biya Fagge na ɗauki Kawu. Ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim da wanki a ɗaki mai duhu, yanzu ido ya ɗan yi rauni ya bar wa yara shagon. A cikin adaidaita na gaya masa raina ya fi kwanciya da sabuwa fil, irin marasa madubin nan da ake yayi. Ya tambaye ni abin da ke aljihuna, na faɗa masa. Ya ce, "To ɗana, in ka sayi wannan kuɗinka ya ƙare, kuma gilashin da za a haɗo maka da shi 18-55 ne, na ɗaukar biki da suna. Kyamara akwati ce. Idon shi ne gilashi, can za ka zuba kuɗinka." Gilashi yake ce wa abin da yaran yanzu ke kira lens.

Muka sauka titin Beirut, muka shiga wani shago da ke sayar da na hannu. Mai shagon ya san Kawu, ya miƙe yana "Baba sannu da zuwa", ya jawo masa kujera. Ya fito mana da Nikon biyu, D3500 da D5300. Ta farkon ta fi sabunta, fitowar 2018 ce, ɗayar kuwa tun 2013, amma dukansu megafiksel 24 ne. Hannuna ya riga ya kai kan sabuwar sai Kawu ya ce in tsuguna in ɗauki ƙafar tebur daga ƙasa, kamar ina leƙen furen kabewa. Da D3500 sai da na kusa kifa kumatuna a siminti, don sikirin ɗinta a manne yake. Ta D5300 kuwa ana buɗe sikirin ɗin a juya shi sama, kana tsugune kana kallon abin da take gani. Nan take magana ta ƙare. Kawu ya sa aka duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ya kuma sa na ɗauki farin bango da ƙofar haske a tsuke, f/22, don ƙurar da ta kwanta a ciki ta nuna kanta. Ɗigo biyu muka gani, ya ce wannan iska ce kawai za a hura.

A kan gilashi muka daɗe, har aka kira azahar muka je muka dawo. Abin da ake ce wa makro na gaskiya shi ne wanda yake kaiwa 1:1, wato girman abu a waje shi ne girmansa a kan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Faɗin farantin wannan Nikon ɗin milimita 23.5 ne, ke nan abin da bai kai faɗin babban yatsa da rabi ba zai cika hoto dam. Da na ji haka sai na tuna jan nan na cikin furen kuɓewa, gabana har ya faɗi don murna.

Gilashi uku mai shagon ya ajiye mana. Na farko Kawu ya cire murfinsa gaba da baya, ya haska fitilar waya ta ciki, ya miƙo mini. Na ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo a gefe. Funfuna ce, danshi ke kawo ta, kuma in ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin. Mai shago bai yi musu ba, ya mayar da shi kanta. Saura Nikon 40mm da Tamron 90mm, dukansu f/2.8, dukansu suna kaiwa 1:1. Na 40 ɗin ya burge ni: ƙarami ne, ba nauyi, yana saiti da kansa shiru. Amma da na gwada shi a kan zanen takardar naira, sai da bakinsa ya kusa taɓa ta, bai fi yatsa biyu tsakani ba, inuwata ta rufe wurin. Na 90 ɗin ya bar mini kusan santimita 10. Kawu ya ce wannan tazarar ita ce hasken safiya zai bi ya shiga cikin furen, kuma ita ce za ta sa ƙudan zuma ya ci gaba da aikinsa bai damu da ni ba.

Sai dai Tamron ɗin tsohon ƙira ne, ba shi da mota, wato ɗan injin da ke yin saiti da kansa, a cikinsa, D5300 kuma ba ta da motar da za ta juya shi. Saiti sai da hannu. Abin ya tsaya mini a rai, na yi shiru ina juya shi. Kawu ya ce, "Ɗana, a wannan kusancin abin da zai fito tangaran bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, ko ka tsuke zuwa f/11. Injin bai san ko garin furen kake so ko bakin kunnen ba. Ka murɗa zoben ka bar shi, sannan ka riƙa matsawa da jikinka gaba kaɗan baya kaɗan, in wurin ya fito ka riƙe numfashi ka danna." Ya kama kafaɗata ya nuna mini. Rashin motar ne ma ya sauko da kuɗinsa. Muka yi ciniki, Kawu ya taya, aka yi albarka sau biyu, a na uku aka sallama, har da gyaran memori da 'yar robar hura ƙura saboda hunturu na tafe. Canjin da ya rage bai isa sandar nan mai ƙafa uku ba, sai wani watan in Allah ya kai mu.

Na iso gida bayan la'asar. Furannin safe duk sun naɗe sun yi laushi, na san haka za a yi amma sai da na je na duba. Na fita bayan katanga inda tumfafiya ta fito, ita ba ta rabuwa da fure. Wannan tsiro da ko akuya ba ta cika kula shi ba, da na leƙa ta gilashin sai ga tauraro mai kusurwa biyar, fari da bakin shunayya, da wani ɗan rawani a tsakiya kamar an sassaƙa shi da kakin zuma, ga tururuwa tana zagaya shi. Na ɗauka ya fi sittin, amma iskar hadari ta taso tana kaɗa reshen, uku ne kawai suka fito. A ɗaya daga ciki ana ganin gashin ƙafar tururuwar. Na nuna wa uwargida, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, wai tumfafiyar bayan gidan nan ce?" Ta kira yara su ma suka gani.

Bayan isha'i na haska tocila a kunyoyin kuɓewa na ƙirga tohon da bakinsu ya fara nuna launin man shanu: shida ne. Uwargida ta ce kada a taɓa mata su, ni ma na ce ba mai taɓawa. Na yanko kwali na jingina a bakin ƙofa don tare iska, na ajiye tsohon buhu na durƙusawa. Da sassafe iska takan kwanta, in ba a tashi da ruwa ba ina wurin kafin bakwai, in sha Allah.