Minti biyun farko na fim ɗin almara

Ƙannena masu gwada haɗa finafinan almara a waya da kwamfuta, a nan Katsina da Daura, ina so mu yi maganar buɗewar fim. A minti biyun farko mai kallo yake yanke wa fim hukunci. In idonsa ya amince da duniyar da aka nuna masa, zai bi ku ko da doki ne ya yi fiffike. In bai amince ba, duk kuɗin da kuka zuba a siddabaru ya tafi a banza.

Fim na sinima yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, minti biyu ke nan hoto 2,880. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shigo da kansa, wani ne ya zaɓe shi. Don haka ku koyi kallonsu ɗaya bayan ɗaya. A manhajar kallon bidiyo ta VLC, in ka tsayar da fim ka danna harafin E, firam ɗaya, wato hoto ɗaya, zai matsa. A YouTube na kwamfuta kuwa maɓallin aya ne ke kai ka gaba, na waƙafi ya mayar da kai baya. Ku kashe sauti a kallon farko, domin kiɗa yana rufe wa hoto asiri ƙwarai.

Ku gwada da kashin farko na The Lord of the Rings, wanda Pita Jakson ya ɗauka a Niyu Zilan, ya fito a 2001. Allo baƙi ƙirin ake fara gani, sai muryar mace tana magana a hankali. Ba dodo, ba yaƙi. Ana shirya kunne ne kafin ido, kamar yadda kaka ke cewa "ga ta nan, ga ta nanku" yara su nutsu tun ba a ambaci Gizo ba. Daga nan sai zobba: uku, bakwai, tara, ana nuna masu riƙe da su. Sai an gama kafa dokar wannan duniya, an nuna wa mai kallo abin da ake tsoro da dalilin tsoronsa, sannan a buɗe filin daga. Ku tsaya a kowace yanka, wato inda aka sauya hoto zuwa wani, ku tambayi kanku: daga ina haske ya fito, ina idon ɗan wasa yake kallo, me aka ƙi nunawa tukuna?

Ni ban san wannan kallon ba lokacin da muka haɗa wani gajeren fim a kan labarin Bayajidda. Mun samu wata tsohuwar rijiya a ƙauye, bayan garin Daura, muka mayar da ita Kusugu. Na kwana da yawa ina gina macijin a kwamfuta, har saɓa na yi masa ɗaya-ɗaya, kuma saboda son a ga aikina sai na sa shi a daƙiƙar farko: fim na buɗewa, maciji na fasa kai daga rijiya. Da muka nuna wa jama'a, babu wanda ya razana. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, macijin nan ba a cikin rijiyar yake ba, a kan gilashin yake." Abin ya yi mini ciwo, domin gaskiya ya faɗa, kuma a lokacin na kasa gane abin da ya gani.

Sai da na bi fim ɗin firam-firam na gano. Da hantsi muka ɗauki rijiyar, inuwar gwafar da ake rataya guga ta kwanta yamma. Matan da ke gudu kuwa da la'asar muka ɗauke su, inuwarsu ta miƙe gabas. Shi macijin ba shi da inuwa ko kaɗan, haske na dukansa ta gaba kamar an haska masa tocila. Kamar rana uku ce ke haskawa a cikin sin ɗaya, wato fitowa guda a fim. Mai kallo ba zai iya lissafa maka wannan ba, amma mutumin da ya tashi yana gane lokacin azahar da tsawon inuwarsa, ba ka ruɗinsa da inuwa.

Abu na biyu ya fi ɓuya. Ku tsayar da kowane fim a daidai lokacin da mutum ya wurga hannu, za ku ga hannun ya yi dishi-dishi, yatsu sun narke cikin juna. Haka kyamara take kama motsi, domin idonta yana buɗe na ɗan lokaci, wajen kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, abin kuma yana tafiya a cikin wannan ɗan lokacin. A fim ɗina gyalen wata mata ya yi wannan dishi-dishin yayin da ta juya, amma macijin da ke sara a gefenta fes yake a kowane firam, ana ƙirga saɓarsa. Shi ya sa ya zama kamar an manna shi. Manhajojin tace hoto suna da wurin ƙara wannan dishin, ni ne ban san ana nemansa ba. Ga kuma idanun 'yan wasa: na ce musu kawai su kalli sama su yi ihu, sai ɗaya ta kalli reshen bishiya, ɗaya ta kalli bakin rijiya. Da na kafa gora mai jan ƙyalle a daidai inda kan macijin zai tsaya, da duk idanu sun haɗu wuri ɗaya.

Amma babban kuskuren yana cikin tsarin labarin ne. Tarihin da muka gada bai fara da maciji ba, da ƙishirwa ya fara. Gari guda ba ya ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu. Wannan shi ne abin da ya kamata kyamara ta fara gani: tulunan da aka kife a gindin danga, kwatarniya ta bushe har ta tsage, akuya na lasar gindin randa, yarinya ta nufi hanyar rijiya uwarta ta fizgo hannunta ba tare da ta ce uffan ba. Sannan rijiyar daga nesa, ba sawun kowa a kan yashin da ya kewaye ta. In mai kallo ya ga wannan, shi da kansa zai gina macijin a ransa, kuma nasa zai fi naka girma. Lokacin da za ka nuna shi, igiyar guga da aka ja ƙasa da ƙarfi da ɗan sashen wutsiya sun wadatar. Duk wannan ba ya bukatar koren ƙyallen da ake shimfiɗawa a bayan 'yan wasa don sauya wuri a kwamfuta, ko kwamfuta mai tsada.

Kada rashin kayan aiki ya karya muku gwiwa. Jorj Meliyes, Bafaranshen nan mai wasan siddabaru da ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata a 1902, yakan tsayar da kyamara, a cire mutum ko a sauya shi da wani abu, sannan a ci gaba da ɗauka. Dabarar tana aiki har gobe a wayar hannu, muddin kyamara ba ta motsa ba, haske bai sauya ba. Ku ɗaure wayar a kan ƙafa, ku kulle haskenta da hannu don kada ta riƙa gyara kanta. In da dare ne ƙarƙashin ƙwan lantarki, ku ɗauka a firam 25, domin wutarmu a Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai iya yin ƙyaf-ƙyaf.

Ranar zuwa lokeshan kuma a ba mutum ɗaya littafi da biro. Aikinsa ya rubuta ƙarfe nawa aka ɗauki kowane hoto, ya zana ɓangaren da inuwa ta faɗi, ya ɗauki hoton wurin babu kowa a ciki. In rana ta juya kafin a gama sin ɗin, a nannaɗe kaya a dawo gobe daidai wannan lokaci, ko da mai mota zai ƙara kuɗi.