Wi-Fi ɗin kyamara da amanar hotunan biki

Sana'ata ɗaukar hoto ce, yawanci na biki, kuma ba a taɓa tashi daga taro ba sai wata ƙawar amarya ta tare ni: "Mai hoto, don Allah turo min nawa yanzu." Wannan gaggawar ce ta sa mu masu hoto muka rungumi Wi-Fi ɗin kyamara hannu bibbiyu. Ba cire katin ajiyar hoto, ba neman kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu mun kunna shi tun ranar da muka sayi kyamara, ba mu sake waiwayarsa ba.

Hanya biyu kyamara ke bi. Ko dai ita ta fitar da nata Wi-Fi wayarka ta shiga, ko kuma ita ta shiga na wani wuri, kamar otal ko ɗakin taro. Ta biyun ce ta fi haɗari, kuma an gwada an gani. A watan Agusta na 2019, a DEF CON, taron masana tsaron kwamfuta da ake yi a Las Vegas ta Amurka, wani mai bincike na kamfanin Check Point mai suna Eyal Itkin ya nuna yadda ya shiga kyamarar Canon EOS 80D daga nesa. Ya samo ɓaraka shida a yadda kyamarar ke aiki da PTP, tsarin da ake tura hoto da shi. Asali don igiyar USB aka ƙirƙiri tsarin, shi ya sa ba ya tambayar wanda ke magana da shi ko wane ne, ba ya kuma ɓoye abin da ke wucewa. Dabarar ita ce a buɗe Wi-Fi na bogi mai suna iri ɗaya da wanda kyamara ta saba shiga. Da ta shiga, sai ya cusa mata gurɓatacciyar manhaja ba tare da mai ita ya danna komai ba, hotunan kati suka kulle, allo ya nuna saƙon neman kuɗin fansa.

Gwaji ne, ba sata ba, kuma Canon ta fitar da gyara. Amma PTP ba na Canon kaɗai ba ne, sauran kamfanoni ma da shi suke aiki.

Ni ba kuɗin fansar ne ya fi tsaya min a rai ba. Duba abin da ke cikin katinmu: kamu, sa lalle, walimar mata zalla, inda aka sake jiki aka ajiye mayafi saboda an yarda da mu. Idan hotunan suka kulle, ba a maimaita biki. Idan kuma suka fita, hoto ɗaya ya isa ya haɗa gida biyu faɗa, kuma ba wanda zai tambayi kamfanin kyamara, mai hoto za a nema.

Don haka nawa Wi-Fi a kashe yake sai lokacin turawa, batir ma ya fi daɗewa. Ba na shigar da kyamara Wi-Fi ɗin ɗakin taro, ko da kyauta ne. Nata nake amfani da shi ko na wayata. Idan aka ba ni zaɓin tsarin kulle Wi-Fi, wanda ake kira WPA2 ne mafi ƙaranci, don tsohon tsarin WEP tun 2001 aka gano lagonsa. Lambar sirri kuwa ba na ba kowa a wurin biki, ko ɗan'uwan ango ne, domin a wasu kyamarori duk wanda ya shiga da manhajar waya zai ga katin gaba ɗaya. Ni nake ɗauko hoton zuwa wayata, sannan in tura. Masu Canon su duba, akwai wurin iyakance hotunan da waya za ta iya gani.

Sai batun kyamara ta hannu, wadda da yawanmu da ita muka fara. Tana zuwa da sunayen Wi-Fi da lambobin sirrin mai ita na baya, galibi kuma manhajar da ke tafiyar da ita tsohuwa ce. Ranar da ta shigo hannunka, ka goge saitin sadarwarta kaf, ka cika batir, ka sauke sabuwar manhajar daga shafin kamfanin kansa, ba wadda wani ya turo a WhatsApp ba. Haka ma idan za ka sayar da taka ko ka ba da haya, ka goge saitin, ka zare katinka kafin ta bar shago.