Kafin Shekaru Su Fitar Da Kai Daga Sahun Matasa

Ƙannena na Jos, Manufar Matasa ta Ƙasa da aka sabunta a 2019 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 29, alhali ta 2009 ta kai har 35. Ko bautar ƙasa, wanda ya haura 30 kafin ya kammala karatu takardar yafewa ake ba shi. Tallan ɗaukar aiki ma da yawa suna zuwa da iyakar shekaru. Waɗannan shekarun ne ni na ƙarar a zaman jira, shi ya sa nake muku wannan magana.

Ɓarnar ta fara tun ina jami'a. Aka tura mu koyon aiki na SIWES, shirin da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ke kula da shi, hukumar da hedikwatarta ke nan garinmu tun kafin a haife ni. Na samu wanda zai sa mini hannu a littafin rahoto, na koma majalisa ina shan shayi. Wani abokina da aka tura mu tare ya zauna ya koyi haɗa wutar sola. A lokacin ina ganin wahalar banza yake sha. Yau yara yake koyarwa a shagonsa, kuma ba ya neman alfarmar kowa.

Da na shiga N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aiki wanda aka fara a 2016, sai na ɗauki naira 30,000 ta wata tamkar albashin dindindin. Waya, shadda, gudummawar biki. Ban shiga adashe ba, ban sayi ko abin aiki guda ba. Da aka sallami rukuninmu a 2020 na tashi hannu rabbana. Tun farko an faɗa mana shirin na wucin gadi ne. Ni ne na toshe kunne. Abin da ya fi ci mini rai, na karɓi kuɗi a hannun mahaifiyata na ba wani da ya ce zai samo mini gurbin aiki a Abuja. Har yau ba aiki, ba kuɗi. Duk wanda ya ce ku biya kafin takardar ɗauka ta fito, ku rabu da shi.

Don Allah ku haɗa karatu da sana'a tun yanzu. Gyaran mota a Dilimi, aikin katako a Katako, sarin kayan gwari a Farin Gada, duk suna ciyar da gidaje. Ku durƙusa ku koya, ko da ubangidan bai kai ku boko ba. Ƙannena mata, ɗinki da harkar intanet suna jiran ku. Mai bautar ƙasa ya riƙi horon koyon sana'a na SAED da gaske, ya ware wani abu daga alawus kowane wata. Wanda kuɗin makaranta ya gagara ya nemi rancen ɗalibai na NELFUND da aka kafa dokarsa a 2024, amma ya tuna bashi ne.

Ba ina wanke gwamnati ba ne. Rashin aiki gaskiya ne, kuma haƙƙinku ne ku tambayi inda alkawuran suka kwana. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta ba ɗan shekara 25 damar neman majalisar jiha ko ta wakilai. Ku yanki katin zaɓe, ku halarci taron mazaɓa, kada ku yarda a mayar da ku 'yan bangar da ake sallama da kuɗin shayi bayan taro.