Lambun bakin taga, mako na bakwai: har yanzu dusar ƙanƙara

'Yan uwa masu koyon renon shuka irina, barkanmu da sanyi. Yau 14 ga Afrilu. Da na ɗaga labule bayan sallar asuba sai na tarar dusar ƙanƙara ta sake lulluɓe motar maigida. Shekaranjiya fa har ciyawa ta fara leƙowa a gindin katanga, yara na ta rawar kai wai za a fito da kekuna. Manyan rigunan sanyin da na wanke na ninke na kai ɗakin ƙasa, yau da kaina na sake hawo da su. Halin Winnipeg ke nan, garin da muke zaune a ƙasar Kanada, ba a yi mata gaggawa.

Ni kuwa gaggawar na yi. Ranar 24 ga Fabrairu, gajiya da zaman ɗaki ta sa na jera robobin yogot goma sha biyu, na huda gindinsu, na zuba ƙasar reno, na shuka attaruhu da tumatir da alayyahu duk rana ɗaya. A gida manomi sama yake kallo, in ruwa ya sauka ya fita da iri. A nan lissafin da baya ake yinsa. Sai ka san lokacin da sanyin dare mai ƙona ganye ke ɗaukewa, wanda a garin nan yakan kai ƙarshen Mayu, sannan ka ƙirgo makonni ka dawo. Tumatir mako 6 zuwa 8 yake so a ɗaki kafin dashe. Nawa in na jira lokacin, zai haura mako 13 a cikin roba.

Ga abin da hakan ya jawo. Tumatirin sun tsiro da wuri, amma hasken taga bai ishe su ba, sai suka yi ta miƙa wuya suna neman rana har suka zama sirara kamar tsinken tsintsiya, ganye biyu can a sama. Ni da na ɗauka ɗumi ne ya yi musu kaɗan, har da matsar da su kusa da hita, ashe ƙara ɓata su nake yi. Na sayo doguwar fitilar LED, maigida ya rataya ta da sarƙa a saman teburin guga, tazarar kamar faɗin tafin hannu daga ganyen, tana ci awa 15 a rana. Sannan na sauya musu mazubi mai zurfi na binne karan har wuya, domin tumatir yana fidda saiwa a jikin karansa in ƙasa ta rufe shi. Kwana goma ke nan, sun fara kauri. Guga kuma yanzu a kan gado nake yi.

Alayyahu dai sai ta'aziyya. Irin ƙanana ne kamar yashi, na barbaɗa da yawa, na yi ta ambaliya musu ruwa safe da yamma. Wata safiya na iske duk sun kwanta, gindin kowanne ya tsuke ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Fumfuna ce, kuma wanda ta kama ba ya tashi. Yanzu a faranti nake zuba ruwan, ƙasa ta sha ta ƙarƙashi, kuma ƙaramar fanka na kaɗa su na ɗan lokaci kullum. Ku taɓa ƙasar da yatsa kafin ku ba da ruwa. Iskar hita tana busar da saman kawai, kamar yadda take yi mana faso sai ka ce hunturun Kano, amma ciki na nan da danshi.

Attaruhu ne kaɗai gaggawata ta yi wa rana. Irin na ciro daga jajayen da na saya a shagon kayan Afirka. Kwana 19 ba motsi, har na yi niyyar juye robar. Shi ƙasa mai ɗumi yake so, kusan digiri 27 zuwa 30, saboda haka na naɗe robar da leda na ɗora a kan firji. Bakwai suka fito cikin goma. Autana shi ke ƙirga ganyensu kullum kafin motar makaranta ta zo.

Yakuwa kuwa, wata maƙwabciyata 'yar Sudan ce ta ba ni irin, su karkade suke ce mata. Kada wanda ke ƙasa irin wannan ya sa rai da zoɓo. Ita sai yini ya gajarta take fure, a nan kuma yinin Yuni ya wuce awa 16, kafin ya ragu yadda take so sanyin Satumba ya kawo kai. Ganyen nake nema, don fate da miyar taushe. Kuɓewa ban taɓa ta ba tukuna, ba ta son a dami saiwarta, sai cikin Mayu zan jiƙa irin ya kwana in shuka a kofin takarda da za a binne gaba ɗaya.

Mutanen nan sukan fita lambu a hutun Ranar Victoria, wato Litinin ta ƙarshe kafin 25 ga Mayu, amma dattijuwar da ke gidan kusa da mu ta ce barkono da tumatir ita sai farkon Yuni. Maganarta zan bi. Kafin nan akwai mako guda na sabar da su da waje, awa ɗaya a inuwa ranar farko, a riƙa ƙarawa.

Ɗazu ina dama kunun gyaɗa na jiyo kukan agwagin daji, sun dawo daga kudu, suna tattaki a kan dusar kamar su ma an yaudare su. Wanda ya taɓa samun kuɓewa ta yi 'ya'ya a tukunya a irin wannan sanyi, don Allah ya faɗa mini girman tukunyar.