Abin da Na Koya Wajen Tace Hirarrakin Masu Tura Kuɗi ta Waya

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a Najeriya, mutane da yawa da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba sun fara yin hakan ala tilas. Bayan ƙura ta lafa, aka ɗora mini nazarin hirarrakin da muka yi da 'yan kasuwa da masu POS da mata masu sana'ar cikin gida a Kano, domin masu gina wata manhajar banki su san inda take wahalar da jama'a.

Na zuba rubutattun hirarrakin a MAXQDA, wata manhajar kwamfuta ta nazarin hirarraki, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina liƙa wa kowace magana alama, kuma na bar alamomin da kalmomin masu maganar: "an cire kuɗi bai shiga ba", "alat bai zo ba", "babu sabis", "lokaci ya ƙare". Kowace hira kuma na rubuta mata sana'ar mai ita da jinsinsa da irin wayarsa, domin idan babu waɗannan bayanai, babu abin da za a yi tacewa da shi.

Jadawalin farko, mai ginshiƙi ɗaya ga kowace alama, ya nuna matsalar sabis ta kere sauran nesa ba kusa ba. Da na buɗe maganganun da ke ƙarƙashin wannan ginshiƙi, sai na tarar cewa kaso mai tsoka na wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne shi kaɗai, mutum mai daɗin hira wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya komo kan sabis. MAXQDA tana ƙirga sau nawa aka liƙa alama ne, alhali abin da masu gyara suke buƙatar sani shi ne mutum nawa abin ya shafa. Na sa ta ƙirga kowace alama sau ɗaya tak a hira guda, nan take tazarar ta ragu.

Tacewa ce ta fito da abin da ya fi damuna. Da na ware masu ƙaramar waya mai madannai, waɗanda ke tura kuɗi ta USSD (danna lambobin da ke farawa da tauraro, ba tare da intanet ba), sai "lokaci ya ƙare" ta haye sama. Lambar asusu a Najeriya lambobi 10 ce, kuma mai dannawa a hankali yana duba takarda kan tarar layin ya yanke kafin ya gama. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ce shi ya sa take miƙa wa ɗanta wayar, ta kuma gaya masa lambar sirrinta. A jadawalin kowa da kowa, muryar irinta ta nutse a cikin ta masu manyan wayoyi.

Wajen gabatarwa na ƙi amfani da da'irar da ake yankawa kashi-kashi, tunda mutum ɗaya yana iya ɗaukar alamomi da dama, jimilla ba za ta tsaya a ɗari ba. Na kuma guji kaso cikin ɗari a rukunin da bai taka kara ya karya ba, na rubuta mutum kaza cikin kaza. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi na ajiye maganar mutum ɗaya da Hausarsa, kuma a kan maganar mai ƙuli-ƙulin ce injiniyoyin suka fara tattauna yadda za a adana lambobin asusun da mutum ya saba tura wa kuɗi, don kada ya riƙa danna su kullum.